Fuskokin da Kwami Ya Sassaƙa

Ranar kasuwa ce. Da sassafe na ɗora kaskon ƙosai a gefen rumfar Kwami, shi kuma yana buga sabon hoton autana Isuhu, wanda ya yi kaye a kokawar kaka.

Kwami mutumin Togo ne. Ya zo garinmu, kan hanyar Kornaka, tun Isuhu yana goye. Yakan sassaƙa 'yan kokawa a katako, ya shafa tawada, ya danna a takarda. Nakan tsokane shi cewa ya tsufa bai taɓa kayar da ko akuya ba. Amma hannunsa ba ya ƙarya. Wanda ya ga hoton zai gane mai shi cikin taro.

Da hantsi muka ji ƙugin babura. Sai harbi. 'Yan bindiga ne. Samarin da suka ƙwato shanu daga hannunsu suke nema, kuma sun san 'yan kokawa ne. Suka tsugunar da maza a layi cikin fili. Ɗaya daga cikin 'yan bindigar ya yago hotunan Kwami daga bangon mai shayi, yana kara su da fuskokin mutane. Ya tsaya kan Lawali, abokin Isuhu. Ya harbe shi.

Isuhu yana cikin layin. Hotonsa bai kai bango ba tukuna, yana shanye a rumfa, tawadar ko bushewa ba ta yi ba.

"Ina mai hotunan?" wani ya daka tsawa.

Kwami ya sunkuci kaskona da hannu tsirara. Ya watsa man a kan takardun da katakan, ya shuri garwashin cikin rumfar. Wuta ta tashi.

"Inna, tahi! Kak ki waiwaya!" Kwami ya ce da ni.

Na faɗa cikin karan gero ba takalmi. Bayana, harbi. Na yi ta gudu ina kiran sunan Isuhu, na rasa wanda aka samu. Azahar ta wuce ni a daji, ƙaya cike da tafin ƙafata. Da magariba wani mai amalanke ya shigo da ni Dakoro.

Washegari Isuhu ya iso, bakinsa a kumbure. 'Yan bindigar sun dubi fuskarsa, sun duba hotunan hannunsu, babu nasa, suka mare shi suka wuce.

Kwami a bakin rumfarsa aka tsince shi ba rai, tafukan hannunsa a ƙone.

Jandarma sun nemi hotonsa don a aika wa danginsa. Mun tambayi kowa. Duk shekarun nan bai taɓa sassaƙa tasa fuskar ba.