Hannun Kakana a Jikin Jan Bulo

Abubuwa da yawa sun shuɗe mini a rai, amma ranar da muka rushe zauren gidanmu na Gwale tana nan daram, kuma na san da ita zan koma ga Allah. Har yau in na tuna sai in ji kamar yanzu nake bin motar nan a guje.

Zauren na ƙasa ne, tsoho tukuf. Kowace shekara kafin damina sai an ƙara masa yaɓe, har bangonsa ya yi kaurin da mutum zai iya miƙewa a kai. Ni kuwa lokacin ina ji da kaina, na ga maƙwabta duk sun koma bulon siminti, na ce mu ma ba za a bar mu a baya ba. Kowa ya amince ban da kakata ta wajen uba, wadda muke kira Inna. Idonta ya riga ya tafi, amma kunne da baki suna nan garau.

"Mai gidan, kada ka taɓa zauren nan," in ji ta. "Hannun kakanka yana ciki."

"Haba amarya, a bango kuka binne hannun nasa?" Na yi ta dariya abina.

Labarin na sha jin sa. Kakan namu ya rasu tun babana yana goye, ko hotonsa babu. A cewar Inna, yana saurayi ya yi aiki a wani kamfanin gasa jan bulo da ke bayan ganuwa tun zamanin Turawa, wanda yanzu ko kufansa ba a gani. Sai a cusa yumɓu a akwatin katako, a buga masa hatimin kamfani tun yana ɗanye, a shanya, sannan a gasa. Duk bulon da hatiminsa ya ɓaci ba a sayar da shi, ma'aikata ake bar wa. To da kakan ya tashi neman aurenta, sai ya riƙa danna tafin hannunsa a kan ɗanyen bulo jefi-jefi, da gangan, don a ware masa. Da su, haɗe da wasu da ya saya, ya sa harsashin zauren gidan da aka kawo ta, don kada ruwa ya ci gindin bango. Ta ce kuma ba za a kasa gane hannun ba, domin yana da shidaniya, yatsa na shida a dama.

Ni dai tun da na buɗe ido ban taɓa ganin jan bulo ko ɗaya a gidan ba, don haka na ɗauka tatsuniyar tsofaffi ce. Ban yi tunanin yaɓen shekaru ne ya haɗiye su ba. Allah ya yafe mini, ce mata na yi gyara kawai za a yi.

Wata Asabar magini ya zo da leburorinsa suka hau aiki. Mota ba ta shiga lungunmu, sai a baro ake kai baraguzan bakin titi, inda tifa take jira za ta kai su cikon wani kududdufi wajen Jakara. Bayan azahar ina cin abinci a tsakar gida, sai Inna ta ƙwala mini kira.

"Kai, ɗazu ba ka ji ƙarar da nake ji ba? Tubalin ƙasa in ya faɗi dum yake yi. Wannan kuwa ƙwal-ƙwal yake yi kamar tasa. Wallahi sun kai kan bulonsa!"

Na ajiye cokali na fita. Magini ya ce, "E Malam, mun tarar da wasu masu tauri a ƙasa, duk ƙasa ta lulluɓe su. Ai su ne lodin ƙarshe, yanzun nan motar ta tashi."

Duk abin da ya shiga koren ruwan kududdufin nan ya tafi ke nan har abada. Na haye babur ɗina da silifa ƙafa ɗaya, na yanka ta lunguna, ina hon, masu awaki da masu tura ruwa suna tsalle gefe suna zagina. Ban taɓa gode wa Allah da ya yi ni ɗan cikin gari kamar ranar ba. Ina isa na tarar motar ta ja da baya har bakin ruwa, bayanta ya fara ɗagawa. Na yar da babur ina ihu ina dukan ƙofar direba.

"Malam lafiya? Zinare ka manta a ciki?"

"Ya fi zinare! Don girman Allah juye a gefe!"

Ya juye a kan tudu yana kallona kamar taɓaɓɓe. Na faɗa cikin baraguzan da farar rigata. Na ɗauko wani dunƙule mai nauyi, na kankare shi da makullin babur, sai ga ja ya bayyana, sai ga haruffan kamfani reras a tsakiya kamar jiya aka buga. Na yi wata irin sowa da ta tara mini jama'a. Amma babu hannu. Na biyu babu, na uku babu. Na fara karaya, sai direban, wanda zuwa lokacin shi ma ya naɗe hannun riga ya shiga tono, ya ce, "Malam, zo ka ga ikon Allah."

Tafin hannu ne sosai, ya danne rabin hatimin. Muka ƙirga yatsun tare da ƙarfi, har da 'yan kallo, ɗaya, biyu, har shida. Wurin ya kaure da kabbara. Ni kuwa dariya nake yi, hawaye yana zuba, ban ma san na rungume direban ba. Muka tsince su kaf ya mayar mini har bakin lungu.

Na shiga gida buɗu-buɗu na ɗora wa Inna bulon a cinya. Ta shafa haruffan, ta shafa gefe, sannan a hankali ta sa tafinta a cikin nasa, ɗan hannunta ya nutse a ciki. Ta daɗe tana taɓa gurbin ƙaramin yatsan nan.

"Shi ne," ta ce. "Rabona da hannun nan tun babanka yana bayana." Ta share ido da gefen mayafi, sai ta juyo wajena. "Kai kuma maƙaryacin mai gida, nemi wata. Mijina ya dawo."

Sauran mun jera su a fuskar sabon zauren, hatimi da hannu suna kallon waje, na kuma hana a shafa musu ko fenti. Wancan guda ɗaya kuwa yana gefen matashinta har ranar da Allah ya karɓi abarsa.

Tun daga ranar, in tsoho ya ce mini akwai wani abu a wuri, ba na dariya. Sai na kankara na gani kafin in kira mai diga.