Tokar da Na Goga wa Babur ɗin Baba

Wata Asabar ce, a daminar shekarar da na shiga aji biyar na firamare, Danjuma ɗan maƙwabcinmu ya shigo unguwarmu ta Kachalla Sembe a Jalingo da sabon babur na tsere. Shuɗi ne, an lulluɓe shi da roba mai sheƙi, gabansa a tsuke kamar bakin shaho, kuma da maɓalli ake tayar da shi. Muka watsar da wasan langa muka kewaye shi, kowa na leƙa fuskarsa a jikin tanki.

Mu ma akwai babur na tsere a gidanmu, amma tsohon yayi. Na mahaifinmu ne. Da ya rasu, ƙanensa Baffa Bitrus ya riƙe ni da ƙanwata Rifkatu, ya riƙe babur ɗin. Ja ne da ya koɗe, fitilarsa kamar faranti, sai an buga masa kiki uku ko huɗu yake tashi. Duk da haka yakan ɗauko buhun masara biyu daga gona, ya ratsa taɓon hanyar Lau, inda Danjuma ba ya ko gwadawa don tsoron kada robarsa ta fashe. Baffa yakan ce, "Wancan na kallo ne, wannan na tafiya." A jikin tankin, Baba ya rubuta sunayenmu da farin fenti, da hannunsa. Duk Lahadi Rifkatu ce a kan tanki zuwa coci, ni a baya.

Kishi ya ci ni a ranar. Baffa na barci a gindin mangwaro, na ɗebi toka da yashin da Rifkatu ke goge tukwane da su, na dinga dirzar tankin, wai don ya yi sheƙi. Fenti ya tafi, rubutun Baba ya bi shi.

Da Baffa ya farka, ya daɗe yana shafa wurin. Sai ya ga ƙwaryar toka, ya kira Rifkatu. Tana kuka tana cewa ba ita ba ce, ina tsaye ban buɗe baki ba. Bai doke ta ba, ya dai ce ba za ta sake hawa ba. Shekara biyu tana taka ƙafa zuwa coci, ni kuwa na gaje wurinta.

Yanzu ina da nawa sabon babur. Bara na hau shi har garin Iware, gidan auren Rifkatu, na faɗa mata gaskiya. Ta ce, "Yaya, ai tun ranar na ga toka a farcenka. Tsoro na ji kada a doke ka." Na ce ta hau in zaga da ita kasuwa. Ta dubi 'yar kujerar baya ta yi dariya: "A nan ko kaza sai ta zame."

Gaskiyarta. Nawa ya fi na Baba kyau da gudu da tsada, amma mutum ɗaya kawai yake ɗauka. Na dawo Jalingo a hankali, ni kaɗai. Rifkatu ta yafe mini, Baffa kuwa ya bar duniya yana zaton ita ce.