Dutsen Niƙan Kaka Dije a Ƙofar Makewayi

Ranar da jikata Safiya ta dawo daga karatu a Indiya, mu huɗu ne a tsakar gidanmu na Kalgo: ni, da ɗana Bello, da matarsa Hindatu, da ita Safiyar. Damina ce, gida duk taɓo.

Safiya tana ba mu labarin mutanen da ta zauna cikinsu, masu yaren Marati. Ta ce waƙa gare su tun zamanin da, malamansu na addini ma da waƙa suka yi wa'azi da yaren gida don talaka ya gane. Kuma karin da suka ɗora manyan waƙoƙin nan a kai, shi ne na matansu in suna niƙa da asuba. Har yau, in ji ta, ana bin tsofaffi ƙauye ana ɗaukar muryarsu.

Sai Bello ya ce, "Kai, waɗanga mutane sun san darajar abinsu!"

Yana faɗin haka yana tsaye bisa dutsen niƙan kakata yana wanke ƙafa. Shi ya ciro shi daga ɗakina cikin satin nan, ya kifa a ƙofar makewayi saboda taɓo.

Dutsen nan daga Kambaza ya zo. Can na tashi hannun Kaka Dije, uwar ubana. In an ci tuwo bayan magariba, takan tura kara a murhu, mu kewaye ta. Ba ta fara tatsuniya sai ta ce, "Ga ta nan tafe, mai barci ya matsa kar ya tare mata hanya."

Wadda ta fi yi mana ita ce ta wata mata da aka kai aure nesa da danginta. Gidan suna auna mata gero kaɗan, su ce ta ciyar da kowa. Kunya ta hana ta magana. Sai ta durƙusa gaban dutse da asuba tana niƙa tana gaya masa. Dutse ya riƙa mayar mata da maganar da amo, gurr, gurr, har ta zama waƙa. Surukinta yana alwala ya ji, ya tashi ya buɗe rumbu.

"Daga nan waƙa ta hito," in ji Kaka Dije. "Abin da mace ta hwaɗi bisa dutsi, ba a kai ta ƙara kansa. Amma kowa ya ji, ya ji."

Ina yarinya na ɗauka labari ne kawai. Sai da na yi aure na gane aiki take koya mana. Da dutsen nan na gaya wa uban Bello abubuwan da bakina ba zai iya furtawa a gabansa ba, kuma ya gyara. Da injin niƙa ya zo gari, mata suka huta da ciwon baya, ban ce komai ba. Amma waƙoƙin suka bi dutse cikin ɗaki. A unguwarmu yanzu ni kaɗai nake riƙe da su, kuma na tsufa.

To, ranar nan da na gan shi bisa dutsen, na ce, "Bello, sauka."

"Inna, dutse ne fa. Wa ke niƙa yanzu?"

"Na Indiya ma dutse ne. Nasu ka yaba, naka kana zuba masa dauɗar ƙafa. Tuwon da ya yi maka ƙashin nan, a kansa aka niƙa shi."

Hindatu ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Na ce mata ita ma ta bi ta kan dutsen sau nawa, ina kallo. Dariyar ta tsaya.

Washegari da na idar da asuba, na sa Safiya ta kama mini muka birkito dutsen. Na wanke shi da toka, na kafa shi daidai tagar Bello, na zuba gero. Safiya ta ciro waya za ta ɗauka. Na ce, "Ajiye. Durƙusa ki kama ɗan dutsen, da hannu ake koyonta." Tana turawa ina ba da waƙa tana amsawa. Waƙar ranar sabuwa ce, a kan wani ɗa mai wanke ƙafa, kuma na tabbata ya ji.