Numfashin Gwaggo

Gwaggona, yayar babanmu, ita ta raine ni a unguwar Nima. Koko da ƙosai take sayarwa a bakin titi, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ta nesa da murhun itace ba. Da tarinta ya ƙi jin magani, har hawa tudun gidanmu ya fara gagarar ta, sai na matsa mata muka tafi asibiti.

Aka kai mu wani ɗaki mai na'urar auna numfashi. Wata nas ta miƙa mata wani bututu, ta maƙala mata abin matse hanci. Gwaggo ta yi dariya.

"Hancin nan ai ya saba," in ji ta. "Tambayi 'yata. Daga Nima har Mamobi, in na kama shi na rangaɗa guɗa, ba macen da ke kai tsawon tawa."

Nas ta ce ta cika ƙirji da iska, ta hura da ƙarfi, kada ta tsaya. Gwaggo ta hura. Nas tana ta cewa, "Ci gaba, Hajiya, ci gaba!" amma iskar ta riga ta ƙare. Aka sake, aka kuma sakewa. Tari ya sarƙe ta, hawaye na zuba. Dariyar ta ɗauke.

Likita ya nuna mini zanen da ya fito. Ya ce iskar da take iya fitarwa ta yi ƙasa sosai, hayaƙi ya ci huhun, kuma abin da ya tafi ba zai dawo ba, sai dai a lallaɓa sauran.

A mota ta riƙe mini hannu. "Kada ki gaya wa kowa a gida."

Ban gaya ba. Shi ya sa ranar bikin ƙanwata, da aka fito da amarya, mata suka juyo suna kiran Gwaggo ta yi guɗa. Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta kama hanci. Guɗar ta tashi da kyau, sai ta tsinke a tsakiya. Wata maƙwabciya ta yi maza ta karɓe, makaɗa suka ci gaba.

Na same ta a bayan rumfa, zaune a kan benci, tana haki.

"An ji?" ta tambaye ni.

Na ce ba wanda ya lura. Ta dube ni, ta gyaɗa kai, ta ce in kawo mata ruwa.

Ba ta kai azumin shekarar ba.