Takalman Fada Yusebiyo

Fada Yusebiyo ya sauka garinmu Shiohama a shekara ta 1602, bisa ƙirgen mutanensa. Yana da shekara talatin da ɗaya. Ɗan makiyayin tumaki ne daga wani ƙauye a ƙasar Sifen, ya yi shekara biyu a Manila kafin a turo shi nan ya yi wa'azin addinin Kirista. Dogo ne, siriri, da riga ruwan ƙasa ya ɗaure ƙugu da igiya. Ƙungiyar limaman da yake ciki ta yi alkawarin talauci, shi kuma ya ƙara da nasa alkawarin, cewa ba zai sa takalmi ba har ya mutu.

Daga Nagasaki ya tako, tafiyar yini guda, a tsakiyar damina. Gidan da aka fara kai shi gaisuwa shi ne na Danemon, wakilin hakimi, wanda a makon nan aka shimfiɗa masa sababbin tabarmi. A bakin ƙofa masu rakiya suka cire takalmansu kamar yadda kowa yake yi. Fada ya dubi ƙafarsa, ya ga ba abin cirewa, ya hau. Sawu goma sha ɗaya ya bari daga ƙofa zuwa inda ya zauna. Danemon ya sa aka ba shi shayi, ya saurare shi har ƙarshe, ya raka shi waje, sannan ya aika a kira mai tabarma.

Daga ranar ba wanda ya sake cewa Fada ya shigo. Ba a wulaƙanta shi ba. In ya zo gida sai mai gidan ya fito da sauri, ya ce ai iskar waje ta fi daɗi, a tsaya a yi hirar a tsakar gida ko da ruwa ake yi. Kutaren da ke bukkoki bayan gari su kaɗai suke shigar da shi, don ƙasan ɗakinsu ƙasa ce. Yana wanke musu miki, yana cin sha'ir da busasshen kifi tare da su. A shekara uku mutum bakwai ya yi wa baftisma, biyar daga cikinsu kutare ne. Shi a ganinsa zukatan mutanen Shiohama ne suke da tauri. Ba wanda ya gaya masa gaskiya, don a wurinmu ba a gaya wa baƙo irin wannan magana.

Ya yi ƙoƙarin wanke ƙafa a bakin ƙofa da wani ya nuna masa bokiti. Amma ƙafar da ta yi shekara goma tana taka duniya ba bokiti ɗaya take so ba, faso ya riƙe abin da ya riƙe.

Wadda ta warware lamarin ita ce Oshige, mai sayar da gishiri, mijinta ya rasu a teku. Tana cikin bakwai ɗin nan. Wata rana Fada yana wa'azi ƙarƙashin bishiya, ya ba da labarin yadda Ubangiji ya kira Annabi Musa ya ce ya cire takalmansa domin wurin mai tsarki ne. Oshige ta ɗaga hannu.

“Fada, ashe dai Musan nan yana da takalmi.”

“Yana da shi, Iya.”

“To kai ka fi shi ne? Da kai aka kira, me za ka cire? Ƙafar za ka ɓalle ka ajiye?”

Mutane suka sunkuyar da kai. Fada ya ce ya yi alkawari. Ta ce ita ma ta yi wa tabarmarta alkawari. Ya rubuta wa shugabansu a Manila yana neman shawara. Amsar ta iso bayan shekara biyu, tana cewa ya yi abin da ya ga ya dace. Kafin nan ya riga ya yi wata goma sha tara da takalmi.

Yasoji, wan Oshige, shi ne mai saƙa takalman bambaro a garin. Da ya auna ƙafar Fada da igiya sai ya sake aunawa, ya ce ba laifi, zai saƙa, amma a ba shi kwana biyu ya nemo bambaro. Kowane wari ya ci abin da yake yin takalman mutum biyu. An taɓa samun kaza ta yi ƙwai a cikin na hagu.

Fada ya koyi abin da ake yi. A cire a bakin ƙofa, a hau dakali ba tare da tafin ƙafa ya taɓa ƙasa ba, a juyo a durƙusa, a jera su kansu na kallon waje. Ya ƙware har ya fi mu. Ya taɓa tsawata wa wani falke ɗan Fotugal da ya bar nasa ɗaya gabas ɗaya yamma. Gidaje suka buɗe masa. Ranar Lahadi a ɗakin Oshige ake taruwa, kuma duk mai neman Fada ba ya tambaya, sai ya bi layi yana duban ƙofofi har ya ga takalman. A shekara tara ya yi wa mutum ɗari da sittin baftisma. Danemon bai shiga addinin ba, amma yana amsa gaisuwa.

A farkon 1614 umarni ya zo daga sama: an haramta addinin, duk limaman ƙetare su hallara a Nagasaki a sa su jirgi. Wanda ya ɓoye ɗaya daga cikinsu da saninsa za a ƙone gidansa a kore shi daga ƙasar hakimi, shi da iyalinsa. Fada bai je Nagasaki ba. Ya hau dutse ya zauna a bukkar masu ƙona gawayi, yana saukowa in an aika masa.

Wata takwas haka, sai Yasoji ya kwanta ciwon ajali a gidan ƙanwarsa, ya ce a kira masa Fada. Ya sauko da hantsi cikin yayyafi. Shirin da aka yi masa ba shi da aibu: tufafin mai gawayi, malafa har kafaɗa, fuska baƙi ƙirin, ga buhu a baya don ya ranƙwafa tsawonsa ya ragu. Ya ratsa kasuwa ba wanda ya ɗaga kai. Da ya iso ƙofar Oshige ya cire takalmansa, ya hau, ya juyo ya jera su kansu na kallon waje.

Mutum shida ne a gidan, dukkansu sun wuce ta ƙofar nan, ba wanda ya ga wani abu da bai dace ba. An rufe tagogi, an ɓoye gicciye a cikin gishiri. Takalmi a bakin ƙofa kuwa nan ne wurinsa.

Da azahar Danemon ya zo duba gidaje da mutanensa biyu. Aka tura Fada saman rufi inda ake ajiye taru. Danemon ya tsaya a ƙofa ya daɗe yana kallon ƙasa. Sai ya ce wa mutanensa su je su bincika rumbun gishiri a bakin ruwa, kada su dawo sai sun ɗaga kowane buhu.

“Iya, waɗannan na wa ne?”

“Na marigayi ne, ranka ya daɗe. Ina fito da su su sha iska.”

“Iya, na san mijinki. In ya zauna a cikin ɗaya zai iya kamun kifi da shi.”

“To nawa ne. Ƙafata ce take kumbura da damina.”

“Sa mu gani.”

Ta sa. Ƙafafunta biyu suka shiga wari ɗaya, da sauran wuri. A nan aka ji motsi a sama, Fada ya sauko da taru a wuyansa. Ya durƙusa gaban Danemon.

“Ranka ya daɗe, matar nan ba ta kira ni ba. Ni na faɗa mata gida ba izini. Ni kaɗai za ka kama.”

“Fada,” in ji Danemon, “shekara ashirin ina wannan aiki. Ban taɓa ganin wanda ya faɗa gidan mutane da ƙarfi ya tsaya ya jera takalma ba. In na rubuta haka, dariya za a yi mini kafin a kawo wuta.” Ya dubi tsakar gida da ta jiƙe. “Wanda ya shiga ba izini a tabarma ake ganewa. Na sani, an taɓa yi mini.”

Fada ya dube shi, ya dubi Oshige. Ya sauka daga dakali ba takalmi, ya je inda ruwan indararo yake zuba, ya tattaka taɓo har idon sawu, ya dawo ya hau. Ya taka daga ƙofa zuwa shimfiɗar Yasoji, yana cewa “Ki yafe mini, Iya” a kowane taku. Ya ƙarasa wa marar lafiyar addu'ar da aka katse. Oshige ta cusa takalman cikin murhu. Sun daɗe suna ci da wuta.

Da mutanen biyu suka dawo daga rumbu suka tarar da ita tana nuna tabarma tana ihu, wai a zo a ga abin da baƙon ƙetare ya yi mata. Waɗanda suka ji ta sun ce ihun bai yi kama da na wasa ba. Danemon ya ƙirga sawun, tara, ya rubuta cewa limamin ya kutsa gidan da ƙarfi, shaida kuwa ba wani mai gida a ƙasar nan da zai yarda a yi masa haka. Ba wanda ya yi jayayya da rahoton. Ba a ƙone gidan ba.

Aka tafi da Fada Nagasaki a ƙafa. Shekara tara cikin takalmi ta yi wa tafinsa laushi, kafin rabin hanya yana jini. Danemon ya tambaya a ƙauyuka uku ko akwai takalmin da zai shige shi, ba a samu ba. Yasoji ya rasu kwana biyu bayan haka. A watan da ya biyo aka sa Fada cikin jirgin Manila tare da sauran.

Wasu sun ba Oshige shawara ta bar sawun don tunawa. A daren farko ta bari, don Danemon zai iya dawowa dubawa. Kashegari ta wanke.

Labarinsa na ƙarshe da ya iso mana daga bakin wani matuƙin jirgin ruwa ne, shekara goma sha biyu bayan haka. Ya ce a Manila akwai wani tsohon limami dogo da yake jinyar kutare, wanda in zai shiga coci sai ya cire takalmansa a bakin ƙofa ya jera su kansu na kallon waje. Ya ce sau huɗu ana sace su.