Ranar da sufeto zai zo

"Monita! Yau ma sufeto zai zo ne? In sauka in ɓuya?"

Jiya ke nan a tashar Kalgo, ina ƙoƙarin cusa kaina cikin motar Gwandu. Na duba cikin motar, sai ga Ɗan'azumi na garin Malisa, ɗan ajinmu a firamare, da furfurarsa da in'inarsa.

A zamaninmu, duk ranar da sufeto zai zo, sai hedimasta ya ware masu in'ina da waɗanda karatu bai zauna musu ba, a kai su gonar makaranta su yi ta cirar ciyawa har baƙo ya tafi. Ni ke kai su, har da taƙama, don ni ne monita, kuma na ɗaya a aji. Ga inda na ɗayan ya kai ni: kokawar kujerar baya a tasha.

Na ce, "Haba Ɗan'azumi, ai ya wuce."

Ya ce, "Gare ka ya wuce. Jikata Hauwa ta gado bakina. Uwarta na son a sa ta boko, na hana. In noma ne, muna da gona gida."

Fasinjoji suka fashe da dariya. Ni ban yi ba.

Kafin mu isa Gwandu na roƙe shi ya bari in kai ta makaranta da kaina. Ya ce sai ya yi tunani.

Malamai, ku ba ni amsar da zan kai masa: idan yarinyar nan ta maƙale a kalma ɗaya, akwai mai jiran ta ƙarasa?