Kwanson da Na Musanya

Ranar da aka buɗe gasar kofin duniya a Qatar, cikin Nuwamban 2022, ina tsaye bakin ƙofar filin wasa ina binciken 'yan kallo, sai na'urata ta yi ƙara a aljihun wani bature. Ya zaro makullai, a jikinsu an rataya kwanson harsashi na ado. Ogana yana ta "yalla, yalla," wai in yi sauri, ni kuwa na sandare, kwanso a tafin hannuna, kamar an dawo da ni maƙerar Babanmu ina ɗan shekara tara.

Babanmu maƙeri ne. Yana da wata tsohuwar libarba da yayansa ya bar masa, da ita yake korar birai daga gonar masararmu. Harsashinta ba ya samuwa, don haka tsofaffin kwansuna yake sake ɗurawa, kuma ba kowanne yake yarda da shi ba. Yakan ɗaga kwanso a rana, ya zagaya bakinsa da farce, ya sake shi kan uwar maƙera ya saurara. "Lafiyayye kuka yake, mai tsaga tari yake," in ji shi. Masu tarin yakan watso mana. Mu kuwa yara usur muke yi da kwanson harsashi a filin makaranta, kuma kowa ya san mai tsaga ba ya busuwa. Nawa sai iska yake fitarwa, yara suna yi mini dariya.

Wata damina, aikin fartanya ya yi masa yawa, ya bar zaɓaɓɓun guda shida cikin gwangwani a bakin zugazugi, ya fita alwala. Na ɗauke ɗaya, na jefa nawa a madadinsa. Bai sake dubawa ba, don ya riga ya zaɓa. Kwana uku ina sarkin busa a makaranta. A na huɗu aka shigo da shi daga gona, kwanson ya fashe cikin bindigar, an ɗaure masa fuska da rawani, idon dama ya tafi. Daga nan guduma ta fara kuskure masa, masu kawo gyara suka koma wani wuri, maƙerar ta zama ɗakin akuyoyi. Duk wanda ya zo jaje, abu ɗaya Babanmu yake gaya masa: "Kunnena ne ya tsufa." Ina zaune a gefensa, lafiyayyen kwanson yana aljihuna.

Shekara ashirin da biyar ina ɗaga maganar; da na zo nan aiki kuma, ina cewa sai na je gida na durƙusa gabansa, don ba maganar waya ba ce. Sai korona ta zo, aka tsayar da jirage, aka kulle mu a masauki kusa da unguwar ma'aikata ta Asian Town. Ƙanena ne ya kira ya ce an kai Babanmu makwanci.

Na miƙa wa baturen makullansa, ya wuce yana rera waƙa. Yanzu ni ake biya in tantance abin da ke aljihun mutane, na kuwa iya aikin, ba abin da ke wuce ni. Babana ya tafi kabari yana zargin kunnensa, alhali kunnen lafiyarsa ƙalau.